Shekarar da Na Goge Muryar Malam

Na san abin da ake faɗa a gidanmu na Bakura idan an ambaci sunana. Ana cewa Baffa Sani ne ya goge muryar Malam daga kwamfuta, ya bar 'ya'yan mamaci ba su da ko tarin ubansu da za su kunna su ji. Maganar gaskiya ce, ni na goge, kuma ba kuskuren yatsa ba ne kamar yadda masu son rufa mini asiri suke cewa. Da gangan na yi, da rana tsaka, idona biyu. Abin da ba a faɗa shi ne dalili, domin waɗanda suka san shi wasu sun rasu, wasu kuma fushi ya hana su maimaitawa. Yanzu ga ni na haura saba'in, gwiwa ta ƙi, ido ma yana neman bin sahunta. Bari in rubuta muku, ku 'ya'yan Malam da nawa, kada in tafi in bar ku da rabin labari.

Malam Usmanu yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gidanmu gidan karatu ne tun kakanni, kuma shi ya gaji zauren da ɗalibansa. Ni kuwa kaina bai ɗauki manyan littattafai ba. Da mahaifinmu ya gaji da ni sai ya sallama ni ga boko, na ƙare ina buga tafireta a wani ofis a Talata Mafara har na yi ritaya. Da na ajiye aiki na sayi kwamfuta irin ta kan tebur, mai ƙaton akwati da ke gurnani a ƙasa, na buɗe ɗan shago kusa da tasha. Ina buga wa mutane takardu da katin biki, ina kuma sa musu karatu a memori. Malam ya riƙa kirana malamin ƙarfe, ni kuma in ce masa ai ƙarfen ba ya gyangyaɗi a gaban littafi kamar wasu ɗalibansa.

Ni na kawo shawarar a riƙa ɗaukar karatunsa. Da farko ya ƙi, daga baya ya yarda. Nakan hau babur in je Bakura da 'yar rikoda, in ajiye ta a gefen buzunsa bayan la'asar, in dawo in juye a kwamfuta cikin jaka guda da na sa wa suna Karatun Malam. Shekaru muna haka. Direbobi da 'yan kasuwa da manoman rani suka riƙa zuwa da memori ina zuba musu. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin abin ƙwarai, domin ta wannan ƙofar ce kaɗai na taɓa shiga aikin gidanmu.

A cikin waɗannan shekaru ne wani ɗalibi da Malam ya amince da shi ya kawo masa labari. Ya ce ya gani da idonsa, wani mahauci mai suna Garba, mutumin Damaga da ke kawo nama kasuwar Mafara da ta Maradun, ya sa wuƙa a wuyan saniyar da ta riga ta mutu a cikin mota, ya feɗe ya sayar wa Musulmi mushe. Malam mutum ne mai zafi a kan abin da ke shiga cikin jama'a. Bai aika an kira Garba ba. Ranar da karatu ya zo kan yanka sai ya kawo misali da mahaucin Damaga, kuma mahauci ɗaya ne daga Damaga yake zuwa Mafara, ko makaho ya san wa ake nufi. Misalin ya zauna masa a baki, ya riƙa maimaita shi. Ni kuma ina nan ina zuba wa mutane a memori, ina murna kasuwa ta buɗe. Mutane suka daina tsayawa a teburin Garba, har ya daina fitowa.

Gaskiya ta zo ne ta bakin mai saniyar, wani dattijon Bafillace da ya zo tambayar Malam wata mas'ala ta daban. Hira ta kai su kan maganar mahaucin, dattijon ya riƙe baki. Ya ce shi ya riƙe ƙahon saniyar da hannunsa. Ta faɗi a mota ta galabaita, amma da ranta, tana harbi da ƙafa, kuma da aka yanka jini ya yi tsartuwa har ya ɓata masa riga. Malam ya kira ɗalibin ya tsare shi, sai ya ce daga nesa ya hango, ya ga dai ba ta motsi. Washegari da safe na ga Malam tsaye a ƙofar shagona, shi da ba ya zuwa Mafara sai da dalili.

"Sani, tashi ka kai ni Damaga."

Lokacin hanyar tana biyuwa ba fargaba. Na goya shi a babur muka bi ta Maradun har muka isa. Muka tarar da Garba a bayan gida yana faskaren itacen sayarwa, mutumin da aka sani da wuƙa da gatarin fawa tun yana saurayi. Aka yi gaisuwa doguwa. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba, Malam ya sauka daga tabarmar da aka shimfiɗa masa ya zauna a ƙasa, ya faɗi laifinsa ba tare da ya jingina shi ga ɗalibin ba, ya roƙi gafara. Sai Garba ya ce masa:

"Malam, ni na yahe maka duniya da lahira. An kawo maka magana kag gaskata, ɗan Adam na. Amma ba ni kaɗai na ba. Watan jiya ɗana ya shiga motar Mahwara, direba ya kunna karatunka, sai ga ka kana hwaɗin mahaucin Damaga. Mota duk tad dube shi. Yaron ya sauka bai kai inda za shi ba."

"Garba, na yi maka alkawali gaban Allah," in ji Malam. "Muryata ba ta ƙara ambatonka, ko kai ko ɗiyanka."

Da muka dawo na ce masa ya bar ni in bi karatun ɗaya bayan ɗaya in yanke wuraren da ya faɗi maganar. Ya ce in gwada. Na zauna na yi ta saurare har kunnena ya yi zafi, kuma a nan na gane girman ɓarnar. Maganar tana babin yanka, tana babin ciniki, har a babin aure na same ta, inda yake cewa a binciki sana'ar mai neman 'yar mutum. Wani wurin bai ma ambaci Damaga ba, sai dai ya ce mutumin nan da kuka sani, ɗalibai su kwashe da dariya. Ta yaya za ka yanke dariya? Na koma na faɗa masa cewa na tsince da yawa, amma ba zan iya rantsuwa na tsince duka ba.

"Sani, ko kai da kag gudu daga zaure ka san hukuncin ɓera in ya hwaɗa cikin mai."

"Na sani, Yaya. In man daskararre na, a kwashe wurin da kewayenai. In narkakke na, a zubar duka."

"To wanga narkakke na. Zubar."

Ya zo shagon da kansa, ya zauna kusa da ni a kan benci, na goge jakar yana kallo, na shiga kwandon shara na kwamfutar na zubar da shi ma. Ranar Juma'a ya tashi a masallaci ya wanke Garba da sunansa, ya roƙi duk mai karatunsa a waya ya goge. Ya bi ɗalibansa har Birnin Tudu da Maradun yana faɗa musu haka. Ni kuwa raina ya ɓaci, aikin shekaru ya tafi a ƙiftawar ido, kuma na nuna masa. Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankali, da zarar an gama aikin damina zai ɗauko littattafan daga farko, in zo da rikodata mu sake sabo mai tsabta. Ba a kai ga girbi ba zazzaɓi ya kwantar da shi, cikin 'yan kwanaki Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an yi sadakar arba'in na koma shago, sai kwamfutar ta fara nauyi, tana ta nuna cewa wuri ya cika. Na kira Lawali, mai gyaran da ya haɗa mini ita tun farko. Ranar kuwa Bashiru, babban ɗan Malam wanda aka zaunar a zauren bayan ubansa, ya shigo Mafara ya biyo ya gaishe ni, yana zaune yana shan ruwa. Lawali ya duba ya ce ba wata cuta ba ce.

"Baba, na'urar ga rumbu biyu gare ta ciki. Tun ran da nih haɗa maka ita nis sa ta dinga kwahe kayanka tana ajewa cikin na biyun, saboda ko-ta-kwana. Shi muka ce ma bakof. Bayan wannan kuma tana yi ma kanta zango-zango, in ta lalace a maishe ta yadda take makon jiya ko watan jiya. Tsohhin ajiyar ga su sunka cika ta. In an share su ta numfasa. Amma bari mu duba, ko akwai abin da kaka so ciki."

Ya buɗe ajiyar wata rana ta kafin damina. Sai ga jakar nan zaune a wurinta, Karatun Malam, kamar ba a taɓa ta ba. Kafin in buɗe baki ya danna ɗaya daga ciki. Yayana da muka binne ya yi sallama a cikin shagona, ya yi salati, ya ce wa wani ɗalibi ya matso gaba. Kofin ruwa ya suɓuce daga hannun Bashiru. Ashe duk abin da muka yi ni da Malam a kan bencin nan, na gaban ido kawai muka zubar, na'urar tana riƙe da nata a inda ba mu san akwai ba.

Kafin magariba labari ya isa Bakura, aka aiko in zo. Kulu, matar Malam, tana cikin takaba, don haka daga bayan labule ta yi magana, ni da Bashiru muna zaune a bakin ƙofa. Ku sani, tsakanina da Kulu wasa ne tun ranar da aka kawo ta gidanmu, irin na ƙanen miji da matar wa. Ba ta taɓa roƙona komai ba sai ranar.

"Sani, kun goge, Allah ya maido. Kai wa na da za ka yi jayayya da abin da Allah ya maido? Ban ce a ba kowa ba. A sa man cikin waya ni kaɗai, in ji shi da hantsi in gida ya yi tsit."

Bashiru ya karɓa, kuma maganar malamai ya yi, don ba a banza ya zauna gaban ubansa ba.

"Baffa, umurnin Baba ya cika ran da kunka goge. Wanga bai san da shi ba, bai yi magana kanai ba. In ko kana shakka, mu tahi Damaga ni da kai mu roƙi Garba. In ya yarda, mi ar rage?"

Na ce su ba ni lokaci, na hau babur na koma Mafara. Kwanaki ina buɗe shago ba na kunna kwamfutar, masu katin biki suna zuwa ina cewa ta lalace. Kada wani a cikinku ya zaci ban so muryar nan ba. Na fi kowa sonta. Ni na ɗauke ta, ni na tara ta, kuma ni ne ƙanen da ya rasa wanda zai kira shi malamin ƙarfe. Na yi ta neman hanyar da zan ce wa Kulu to, kuma duk wadda na bi sai ta toshe.

Maganar a sa wa Kulu ita kaɗai dai, na san ƙarshenta, domin sana'ata ce. Ba abin da ke zama a waya ɗaya. Wayar Kulu za ta je wurin mai caji, mai caji ya kwafa, 'yar uwarta ta zo gaisuwa ta ce a tura mata, ɗalibi ya rantse shi kaɗai zai ji. Kuma yanzu Malam ya rasu, kowa nemansa yake yi, abin da da ake ji a mota ɗaya sai a ji shi a goma. Zuwa Damaga kuwa shi ya fi tsaya mini a rai, domin a ido ya yi kama da adalci. Amma na tuna Garba da gatarinsa a bayan gida. A ce ɗan Malam ya je masa da rawani, da saƙon matar mamaci mai takaba, wane baki gare shi na cewa a'a? Zai ce ba komai, ya haɗiye, mu kuma mu dawo muna cewa ya yarda. Wannan ba roƙo ba ne, tilas ce aka sa wa riga. Sannan ni ina wurin da aka yi alkawarin. Malam bai ce wa Garba zai goge jaka a kwamfuta ba, cewa ya yi muryarsa ba za ta ƙara ambatonsa ba. Da yana raye, in abin ya sake fita, sai ya ce in goya shi mu koma ya zauna a ƙasa karo na biyu. Yanzu ba shi da ƙafar zuwa Damaga. Duk wanda ya yi dariyar mahaucin nan daga yau, a kan yayana za a rubuta, yana kwance ba ya iya cewa a yafe masa.

Ban yi a ɓoye ba. Na aika Bakura cewa ranar Laraba da hantsi zan share, wanda yake son gani ya zo. Bashiru ya zo, amma ya ƙi shigowa, ya tsaya a bakin ƙofa. Lawali ya nuna mini wurin da ajiyar rumbu na biyu take jere, kowace da ranarta. Na ce masa ya janye hannunsa, ni zan danna, kada gobe a ce shi ne. Na bi su ina sharewa, kowace sai na'urar ta tambaye ni ko na tabbata. Da muka zo kan zangunan komawa baya, ya ce akwai hanyar da take share tsofaffi ta bar na ƙarshe, kuma na ƙarshen ba komai na Malam a cikinsa. Na ce na riga na ga yadda na'urar nan take ɓoye abu, ba na son a bar ko ɗaya.

"Baba, in kash share duka, ba sauran komawa baya hwa. Ko injiniyan Gusau ba ya maido shi."

"Na ji. Nuna man wurin."

Ya nuna, na danna. Wani ɗan layi ya bi ta kan gilashin a hankali har ya kai ƙarshe, akwatin ya yi gurnaninsa ya yi shiru. Lawali ya sa ta yi sabon zango daga wannan ranar, ya tattara kayan aikinsa ya fita bai tsaya sallama ba. Bashiru yana nan tsaye. Ya dube ni, idonsa ja.

"Baffa, yau kas sake bizne Baba."

Ya juya ya tafi. Daga baya na ji ya bi garuruwa har Birnin Tudu da Maradun yana cigiyar memorin da ke da karatun ubansa. Ɗalibai sun bi umurnin malaminsu sun goge, na hannun sauran mutane kuma sun tafi tare da tsofaffin wayoyi. Bai samo komai ba.

Kulu ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Abin da ta yi shi ne ta daina wasa da ni. In na shiga gidan sai ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ta tambayi iyali da gajiya da sanyi, kamar baƙon da ya zo daga nesa, in an kai ƙarshen gaisuwar kuma shi ke nan. Haka muke har yau, kuma yana yi mini ciwo duk zuwa. Bashiru yana girmama ni a gaban mutane, amma bai ƙara kawo mini shawara ba. Garba kuwa ya rasu bai san an yi wannan duka ba, don ban ga dalilin ɗora masa nauyinsa ba. Bai koma fawa ba. Ɗansa ne yanzu yake da tebur a kasuwar Maradun, mutane suna saye suna tafiya. Ban ce ni ne sanadi ba, na dai faɗa muku abin da na gani.

In da za a mayar da ni wannan Larabar, abin da na yi zan sake yi. Amma kada ku ɗauka na fita ba tabo. Bara Rukayya, autar Malam, wadda ya bari ba ta daɗe da yaye ba, ta yi saukar Alƙur'ani. Da ta ɗauki karatu a tsakar gida sai tsofaffin ɗalibai suka fara share hawaye, suna cewa Malam ne sak, har yadda take jan numfashi. Da taro ya watse ta zo ta durƙusa kusa da ni da allonta.

"Baffa, an ce kai kaf fi kowa jin muryar Baba. Da gaske na irin tawa ta?"

Na rufe ido na nemo shi. Na ga buzun, na ga rawanin, na ga yatsansa a kan layi. Kalmominsa duk suna nan, zan iya jero mata su har dare. Amma sautin ya ƙi zuwa. Na kira shi a raina ya ce Sani, ko sau ɗaya, sai na ji muryata ce kawai take faɗa. Ban san yaushe muryarsa ta tafi daga kunnena ba.

Yarinyar tana jira, tana kallon bakina. Na ce mata, "Rukayya, ban sani ba."